Sarƙa, Fihirisa da Mabuɗi: Babbar Taskar Malamai a Almara da a Tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba da ƙagaggun labaran zamani, irin waɗanda marubuci ke gina musu wata duniya ta daban mai sarakunanta da taswirarta da dodanninta, ya san da wuya labari ya yi nisa ba a kai mai karatu ƙofar wani babban gidan littattafai ba. A can malamai masu furfura suke zaune, a can ake ajiye tarihin da kowa ya manta, a can kuma jarumin labari yakan je neman amsar da takobi ya kasa ba shi. Matasanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ga irin waɗannan gidaje a finafinai, wasunsu sun karanta labarinsu da Faransanci. Ya kamata malamin makaranta ya san cewa marubutan ba daga iska suka ƙago su ba. Kowane bango na taskar almara an gina shi da tubalin wata taska da ta taɓa tsayuwa a doron ƙasa.

Wannan maƙala za ta ɗauki misali guda daga almara, wato Sitadel ta marubucin Amurka George R. R. Martin, ta jera ta da taskokin Iskandariyya da Bagadaza da Alƙahira da Ƙurɗuba da Timbuktu, domin a ga yadda irin wannan gida yake aiki: wa ke ciyar da shi, wa ke tsara shi, wa ke riƙe da mabuɗinsa, kuma me ke kashe shi.

Sitadel da malamanta masu sarƙa

Martin ya fara fitar da jerin littattafansa a 1996, amma sai a littafi na huɗu, A Feast for Crows, wanda ya fito a 2005, ya shigar da mai karatu birnin Oldtown, wato Tsohon Birni, inda Sitadel take. Birni ne na bakin teku, yana da wata doguwar hasumiya da ake kunna wuta a samanta don jiragen ruwa, kuma gidan sarautar da ke riƙe da hasumiyar shi ne majiɓincin malamai tun asali.

Ɗalibi yakan shiga Sitadel a matsayin sabon shiga, ya riƙa halartar darussa har ya ga ya ƙoshi da wani fanni, sa'an nan ya je gaban babban malamin fannin a jarraba shi. In ya ci, sai ya sami zobe guda na ƙarfen da aka keɓe wa wannan ilimi: azurfa ta likitanci ce, zinariya ta lissafin dukiya, baƙin ƙarfe na kiwon hankakin da ke kai wasiƙu. Zobe bisa zobe har su isa sarƙar da za ta zagaye wuyansa. Ranar da sarƙa ta cika ya yi rantsuwa, ya ajiye sunan gidansu, ya haƙura da aure da gado, sai a kira shi mesta, a tura shi fadar wani basarake. A can shi ne likita, shi ne malamin ƴaƴan sarki, shi ne magatakarda, shi ne mai ba da shawara. Rantsuwarsa ga fadar take, saboda haka ko maƙiyi ya ci garin ya hau karaga, mesta zai ci gaba da yi masa aiki. Ba a karɓar mata ko kaɗan.

A sama akwai majalisar manyan malamai. Ita ke zaɓen wanda zai zauna a majalisar sarkin sarakuna, ita kuma ke yanke hukunci cewa yanayi ya sauya, ta aika da fararen hankaki su sanar da ƙasa duka. Shugabancin harkokin yau da kullum kuwa ƙuri'a ake jefawa kowace shekara, domin manyan malaman suna ganinsa wahala ce mai raba mutum da karatunsa. Kowane babban malami yana da mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa a gidan, kuma da satar irin wannan mabuɗi littafin 2005 ya buɗe.

Wanda ya tashi a zauren karatun ilimi na ƙasarmu ba zai ga baƙon abu a zancen sarƙa ba. Malami yakan ba ɗalibi ijaza a kan littafi guda da ya sauke a gabansa, ɗalibin ya wuce wajen wani malamin don wani littafin, har ya tara abin da za a naɗa masa rawani. Bambancin shi ne ijaza tana ɗauke da sunayen malamai daga baki zuwa baki har ga mawallafi, sarƙar mesta kuwa hukuma guda ce ke ba da ita, kuma tana iya ƙwace ta.

Iskandariyya, gidan da sarakuna suka ciyar

Birnin bakin teku mai hasumiyar wuta da taron malamai a ƙarƙashin inuwar gidan sarauta, wannan siffar Iskandariyya ce ta Masar. Iskandar Mai Girma ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin Miladiyya. Bayan rasuwarsa Masar ta faɗa hannun ɗaya daga cikin jarumansa, Batlamus na I, kuma a zamaninsa da na ɗansa Batlamus na II aka kafa cibiyar malamai da ake kira Museyon tare da taskar littattafanta, a cikin unguwar fada.

Masanin ƙasa Strabon, wanda ya zauna a birnin wajen ƙarni uku bayan haka, ya bar mana taƙaitaccen bayanin wurin. Akwai rumfar yawo, akwai dandalin zama don muhawara, akwai babban zaure inda malamai ke cin abinci tare. Dukiyarsu ta tarayya ce, kuma shugabansu wani limamin bauta ne da sarki ke naɗawa, daga baya Kaisar na Rum ya gaji naɗin. Ma'ana, malamin Museyon ba ya noma, ba ya fatauci. Baitulmalin sarki ke ɗauke da cikinsa domin ya ba da ransa ga karatu.

Littafin wancan zamani naɗi ne na takardar fafirus, wadda ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, kuma babban littafi guda yakan ci naɗi da yawa. Likitan nan Jalinus, wanda ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya ba da labarin yadda ake tara su. Duk jirgin da ya tsaya a tashar birnin sai a bincike shi, in an sami littafi a karɓe, a kwafe, a mayar wa mai shi da kwafin, a riƙe na asali da alamar cewa daga jirage ya fito. Ya kuma ce Batlamus na III ya ari kundin hukuma na wasannin kwaikwayon manyan marubutan Atina uku, ya ajiye jinginar talanti 15 na azurfa, sa'an nan ya riƙe na asali ya mayar musu da sababbin kwafi, ya bar musu kuɗin. Sarki mai son littafi ya fi ɓarawo iya ɗauka, domin shi babu alƙalin da zai kira shi.

Abin da aka yi da littattafan shi ya ɗaukaka gidan. Zenodotus, wanda ake ɗauka shugaban taskar na farko, ya jera kwafi daban-daban na waƙoƙin Homer yana gwada su da juna, yana sa alama a gefen duk baitin da yake shakka. Aristofanis na Bizantiya ana danganta masa alamomin karin sauti na rubutun Girkanci. Eratostenis, wanda shi ma ya shugabanci taskar, ya lura da bambancin inuwar rana tsakanin Iskandariyya da Aswan a tsakar ranar bazara, ya ga ya kai kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, da haka ya lissafa kewayen duniya. A wannan birni ne kuma Herofilus ya feɗe gawar ɗan Adam don sanin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har marubucin Rum Selsus ya ruwaito cewa sarakuna sun riƙa ba shi fursunoni da ransu. Martin yana da nasa malamin da aka ƙwace wa sarƙa saboda feɗe masu rai. Tambayar iyakar da neman sani zai tsaya ta girmi almara da shekaru fiye da dubu biyu.

Fihirisa

Tara littafi abu ne, samunsa a lokacin da ake bukata abu ne daban. Marubucin Ajantina Jorge Luis Borges, wanda daga baya ya shugabanci ɗakin karatu na ƙasarsu a 1955, ya wallafa wani gajeren labari a 1941 game da taskar da ta ƙunshi duk littafin da haruffa za su iya haifarwa. Komai yana ciki, gaskiya da ƙarya da shirme, amma ma'aikatanta suna tsufa suna mutuwa ba su sami littafin da zai nuna musu inda sauran suke ba. Shi ma Patrick Rothfuss, wanda littafinsa na farko ya fito a 2007, ya zana wata taskar jami'a inda shugabanni suka yi ta zuwa kowa da tsarinsa na jera littattafai, ya mutu bai gama ba, na bayansa ya soma sabo, har littafi ya ɓace alhali yana kan kanta.

Mutanen Iskandariyya sun hango wannan haɗari. Mawaƙi Kalimakus, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya tsara wani kundi mai naɗi 120 da ake kira Pinakes. Ya kasa marubuta gida-gida, masu waƙa da masu tarihi da masu falsafa da likitoci da masu dokoki, a kowane gida ya jera sunaye bisa haruffa, ya ba da taƙaitaccen tarihin mutum, da sunayen littattafansa, da kalmomin farko na kowane littafi, da adadin layukansa. Kalmomin farko su ke raba littattafai biyu masu suna ɗaya, adadin layuka kuwa shi ke tona asirin mai kwafin da ya yi tsallake.

A Bagadaza wani mai sayar da littattafai, Ibn al-Nadim, ya kammala nasa kundin, al-Fihrist, a 987. Ya kasa shi maƙala 10, ya lissafa duk littafin Larabci da ya gani ko ya ji labarinsa. Da yawa daga cikin littattafan da ya ambata sun salwanta, sunansu kawai ya rage a wajensa. Daga wannan kalma Hausa ta sami fihirisa. A Ƙurɗuba ta Andalus, an ruwaito cewa fihirisar taskar halifa al-Hakam na II, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ta cika kundi 44 ita kaɗai.

Kuɗin takarda da tabarma

Almara ba ta cika son zancen kasafin kuɗi ba, amma tarihi ya adana mana shi. A 1005 halifan Faɗimiyya al-Hakim ya buɗe Dar al-Ilm a Alƙahira. Masanin tarihin Masar al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya kawo lissafin abin da ake kashewa a gidan kowace shekara: dinari 257. Kaso mafi girma, dinari 90, na takardar masu kwafi ne. Sauran ya tafi ga albashin mai tsaron taska da na hadimi, da ruwan sha, da tabarmi da shimfiɗun hunturu, da tawada da alƙaluma, da gyaran littattafan da suka yage. Wanda ya karanta wannan lissafi zai gane cewa taska tana rayuwa ne da ƙananan abubuwa da ake saye kowace shekara ba fashi.

Takarda ita ce ta sauya komai a Bagadaza. Halifa al-Mansur ya kafa birnin a 762, kafin ƙarshen wannan ƙarni kuma an fara yin takarda a cikinsa, littafi ya yi araha, kasuwar masu kwafi ta cika. Taskar fada da ake kira Baitul Hikma ta yi suna a zamanin Haruna al-Rashid da ɗansa al-Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, kuma al-Khwarizmi, mai littafin aljabara, yana cikin waɗanda suka yi aiki a cikinta. Sai dai an ƙawata labarinta fiye da abin da tsofaffin majiyoyi suka faɗa. Masani Dimitri Gutas ya nuna a 1998 cewa ta fi kama da taskar fada, kuma yawancin aikin fassara daga Girkanci attajirai da wazirai da likitoci ne suka biya shi daga aljihunsu.

Babban mai fassara na wancan zamani, Hunain ibn Ishaƙ, Kirista ne, ya rasu a 873. A wata wasiƙa tasa ya lissafa littattafan Jalinus 129, ya faɗi wanda ya fassara kowanne da wanda aka yi wa fassarar. Ya bayyana cewa yakan tara kwafin Girkanci da yawa ya gwada su kafin ya fara aiki. Akwai littafi guda da ya nema a Iraƙi da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya, bai samu ba sai kusan rabinsa a Dimashƙa. Wannan ita ce ainihin rayuwar malamin taska: tafiya, da gwada kwafi, da haƙuri da rabin littafi.

Mabuɗi

A nan almara ta fi kusa da gaskiya. Umberto Eco, a littafinsa na 1980 da aka fassara zuwa Faransanci da sunan Le Nom de la rose, ya gina taskar wani gidan ibada a matsayin ruɗaɗɗen gini da mai tsaro da mataimakinsa kaɗai ke shiga, inda wani tsoho makaho ya gwammace ya shafa wa littafi dafi da a karanta shi. A wajen Martin ma akwai littattafan da ke kulle a ɗakunan ƙasa, akwai kuma wata basarakiya da ke ƙorafin cewa malaman nan su ke rubuta wasiƙun sarakuna su ke karanta musu, don haka babu mai sanin abin da suka ƙara ko suka rage. Wani babban malami daga cikinsu har ya nuna cewa Sitadel na da hannu a ƙarewar dodanni masu aman wuta, domin duniyar da take son ginawa ba ta da wurin sihiri. Gidan da ke adana sani yana kuma zaɓen abin da za a sani.

Tarihi yana da misalan ɓangarorin biyu. Ibn Sina ya ba da labarin cewa bai sami shiga taskar sarakunan Bukhara ba sai da ya yi wa sarki Nuhu ibn Mansur magani. Ya tarar da ɗakuna, kowane fanni da ɗakinsa, littattafai cikin akwatuna, ya duba fihirisa ya nemi abin da yake so, ya ga littattafan da bai sake gani ba har ƙarshen ransa. Da sarkin bai yi ciwo ba, da ƙofar ba ta buɗe masa ba. A Ƙurɗuba, bayan rasuwar al-Hakam, waziri al-Mansur ibn Abi Amir ya sa aka tsamo littattafan falsafa da na taurari daga taskar, aka ƙona wasu aka zuba wasu a rijiyoyi, don ya sami yardar malaman fiƙihu. Dar al-Ilm ta Alƙahira kuwa, in ji al-Maƙrizi, a buɗe take ga kowa, mai son karatu ya karanta, mai son kwafi a ba shi takarda da tawada da alƙalami kyauta.

Yadda taska ke mutuwa

Mai ba da labari yana son gobara, domin dare guda take ci kuma tana da mai laifi. Taskar Eco da wuta ta ƙare. Haka mutane suka so su ji game da Iskandariyya, shi ya sa aka yi ta neman wanda ya kunna ashana. Gaskiya ne a shekara ta 48 kafin Miladiyya wutar da Yuliyus Kaisar ya sa wa jirage a tasha ta ci littattafai, amma Museyon ya ci gaba da aiki bayan haka. A wajen 272 yaƙin sarkin Rum Aureliyan ya lalata unguwar fada. A 391 aka rushe haikalin Serapis, inda reshen taskar ya taɓa zama. Labarin da ke cewa halifa Umar ya umarci Amr ibn al-As ya ƙona littattafan bayan cin Masar bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 13, kusan shekaru 600 bayan abin da ake zargi, kuma masana tarihi sun yi watsi da shi. Hatta yawan littattafan babu daidaito, tsofaffin marubuta sun ba da adadi daga 40,000 har 700,000, kuma masani Roger Bagnall ya nuna a 2002 cewa manyan alƙaluman nan sun wuce abin da hankali zai ɗauka.

Rauni na farko daga fada ya zo. A shekara ta 145 kafin Miladiyya, Batlamus na VIII ya hau mulki cikin rikicin gida, ya kori malaman da yake zargi da goyon bayan abokin hamayyarsa. Aristarkus, shugaban taskar, ya gudu zuwa tsibirin Kubrus. Wata tsohuwar takarda da aka tono a Masar, mai jerin sunayen shugabannin taskar, ta nuna cewa wanda ya biyo bayansa wani hafsa ne daga cikin masu māsu. Hannun da ke ciyarwa shi ke da ikon kora.

Rauni na biyu ba shi da ƙara. Fafirus ba ya jure laimar bakin teku, ƙwari da ɓeraye ma suna cinsa. Naɗin da ba a sake kwafe shi ba bayan ƴan tsararraki ya tafi, ko da babu wanda ya taɓa shi. Taskar da ta daina biyan masu kwafi ta riga ta soma mutuwa, sai dai ba a ganin hayaƙi. A Alƙahira, lokacin yunwa da rikicin 1068, sojoji da ma'aikatan da ba a biya albashi ba suka kwashe littattafan fada a madadin haƙƙinsu, har aka ruwaito cewa an yi takalma da fatun bangonsu. Bagadaza ta faɗa hannun Mongol a 1258, amma littattafan da aka riga aka kwafe zuwa Dimashƙa da Alƙahira da Fas sun tsira. Abin da ya iso gare mu daga tsohuwar duniya ya iso ne ta hannun masu kwafi da suka watsa shi wurare da yawa.

Timbuktu da gafakar gida

Yankinmu ya bi wata hanya dabam. Timbuktu ba ta taɓa samun taska guda ta sarki ba. Littattafanta a gidajen malamai suke, ɗa ya gada daga uba. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Léon l'Africain, ya ziyarci birnin a farkon ƙarni na 16, ya lura cewa ribar littafi ta fi ta sauran haja. Ahmad Baba, wanda ya rayu daga 1556 zuwa 1627, ya yabi malaminsa Muhammad Baghayogho da cewa yakan ba da aron littattafansa masu tsada ga duk ɗalibin da ya nema, ko bai san shi ba. Bayan mamayar Maroko ta 1591 aka kama Ahmad Baba aka kai shi Marrakesh, kuma ya koka cewa an wawashe masa littattafai 1,600, alhali taskarsa ce mafi ƙanƙanta a danginsu.

Wannan warwatsuwa ita ta yi rana a zamaninmu. A watan Janairu na 2013 masu ɗauke da makamai da suka mamaye birnin sun ƙona ko sun kwashe kimanin rubuce-rubuce 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, wadda aka kafa a 1973. Amma kafin nan iyalai da ma'aikata, ciki har da Abdel Kader Haidara, sun riga sun fitar da dubban ɗaruruwa a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Sai kuma tsohuwar matsala ta tarye su a can, wato laima.

A Nijar, marigayi Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami, kuma tarinsa shi ne tushen sashen da ke kula da su a cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Bayan wannan akwai abin da ke cikin gafaka da adaka a gidajen malamai na Agadas da Tawa da Damagaram da Say, inda gara da ɗigon damina da rabon gado ke aikinsu a hankali.

Kammalawa

Sitadel ta Martin ta daɗe dubban shekaru a cikin labari domin marubuci ne ke biyan kuɗin takardarta. Taskokin tarihi ba su sami wannan gata ba. Sun rayu muddin akwai mai ciyar da malamai ba tare da ya mayar da su bayinsa ba, da mai kwafi, da mai rubuta fihirisa, da mai buɗe ƙofa ga ɗalibi. Duk inda ɗaya ya faɗi, sauran sun bi shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ya fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ta gari ko malaman makaranta guda. Aikin Kalimakus ana iya soma shi da littafin rubutu na ɗan makaranta: a je gidan malami da ladabi da izinin magada, a rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da kalmominsa na farko, da adadin warƙoƙinsa, da sunan gidan da yake. Aikin mai kwafi ya sauƙaƙa, tunda wayar hannu tana ɗaukar hoton warƙa, sai dai a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya, a kuma bar wa masu littafi littafinsu, kada a yi musu irin ta Batlamus. Lissafin al-Maƙrizi yana tuna mana a ware kuɗin akwati da maganin gara kowace shekara. Ɗalibin da ya zo yana ba da labarin malamai masu sarƙa da ya gani a fim, malaminsa na iya nuna masa hanyar gidan da ke unguwarsu inda wata gafaka ta shekara 30 ba a kwance ta ba, ya ce masa ya ɗauko alƙalami su je tare.